Makaɗin Gindin Allo

A 1929 Dziga Vertov ya fitar da wani fim a Tarayyar Sobiyet, wanda duniya ta fi sani da sunansa na Turanci, Man with a Movie Camera, wato mutumin da ke yawo da kyamara. Abin da aka fara nunawa a cikinsa gidan silima ne wayam, ba kowa, kujeru duk a naɗe. Sai aka buɗe ƙofa, kujerun suka sauko da kansu, jama'a suka shigo suka zazzauna. Mai haska fim ya ɗaura zarensa a na'ura. Can gaba, a gindin allo, ga makaɗa sun jeru: masu goge sun ɗora izga a kan tsirkiya, masu ƙaho sun kai baki, amma ba wanda ya motsa. Jira suke yi. Da wutar na'urar ta kama, shugabansu ya sauke hannu, kowa ya hau kiɗa, fim ya soma.

Kiɗan nan ba za ka ji shi ba, domin babu shi a jikin zaren. Vertov ya nuna makaɗan ne kawai, ya bar sautin ga duk wanda Allah ya sa yake zaune a gindin allo a daren da aka haska fim ɗin. Shekara 67 bayan haka, a wani gari da ke can ƙuryar arewacin Norway, wasu mutum biyu masu haɗa sauti da na'urorin lantarki suka amsa wannan kira. Tsakanin makaɗan cikin hoton da waɗannan biyun akwai doguwar tafiya.

Sunan da aka laƙaba wa finafinan farko, wai bebaye, ya zalunce su. Zaren fim ne ba shi da sauti, ɗakin kallo kuwa bai taɓa yin shiru ba. Tun bayan da 'yan'uwan nan biyu, Auguste da Louis Lumière, suka karɓi kuɗin jama'a suka nuna musu hoto mai motsi a Paris ranar 28 ga Disamba 1895, masu gidajen kallo suka gane cewa hoto ba ya zama shi kaɗai. Na'urar haskawa tana da ƙara kamar keken ɗinki, 'yan kallo na tari suna hira, ga mutanen kan allo suna motsa baki ba murya, suna tafiya ba ƙarar takalmi, sai ka ce fatalwa. Kiɗa ne ya rufe ƙarar na'ura, shi ne kuma ya hura wa fatalwar rai.

A ƙananan gidaje mutum ɗaya ne da fiyano. Sau da yawa bai taɓa ganin fim ɗin ba sai a daren farko, ido na kan allo, yatsu na laluben abin da ya dace. Daga baya kamfanoni suka riƙa aiko da takardar jagora tare da fim, mai cewa a nan a yi kiɗan gudu, in jaruma ta shigo a sassauta. A 1924 Ernö Rapée ya buga wani ƙaton kundi a Amurka, ya rarraba kaɗe-kaɗe gwargwadon hali, na tsoro daban, na soyayya daban, na gobara, na jana'iza, na yaƙi, makaɗi ya buɗe shafi ya ɗauki abin da yake bukata. Manyan gidaje kuwa rukuni guda suke ajiyewa. Gidan Roxy da aka buɗe a New York a 1927 a lokacin yana ɗaukar mutum kusan 6,000, makaɗansa sun haura ɗari. Sana'a ce sosai. Dmitri Shostakovich, wanda daga baya ya zama cikin manyan masu tsara kiɗa na ƙarni na 20, da fiyanon gidajen silima na Leningrad ya riƙa taimakon mahaifiyarsa yana saurayi, bayan rasuwar mahaifinsa.

A Japan har da mai baki ake haɗawa, wanda suke kira benshi. Yakan tsaya a gefen allo yana ba da labari, yana sauya murya daga ta tsoho zuwa ta budurwa, kuma akwai lokacin da jama'a ke zuwa kallo don shi fiye da don 'yan wasan. Duk wanda ya ji labarin majigi daga bakin iyaye ko kakanni a ƙasar Hausa zai gane wannan nan take. Mota ta tsaya a ƙofar fada ko filin kasuwa, a kafa farin ƙyalle, a ta da janareta, tafinta ya kama lasifika yana bayyana hoto da Hausa, yana ƙara nasa gishirin. Fim ɗaya ne, amma na daren Litinin a wannan gari daban yake da na daren Talata a wancan, saboda akwai mai rai tsakanin allo da jama'a.

Cikin duk makaɗan wancan zamani, wanda ya fi kusa da abin da ake yi yau wani dattijo ne Bafaranshe, Erik Satie. Ya daɗe da wani ra'ayi da mutane suka ɗauka wauta ce: a yi kiɗan da ba sai an zauna an saurara ba, wanda zai zama kamar kayan ɗaki, kujera ko darduma, yana nan ana amfani da shi ba a kula shi. A 1920 ya gwada a wani ɗakin nunin zane a Paris, lokacin hutun wani wasa. Da makaɗa suka fara, jama'a suka koma kujerunsu suka yi tsit don girmamawa, shi kuwa ya bi su yana roƙo su ci gaba da hira, su yi ta kai-komo, kada su saurara. Ranar dai bai ci nasara ba. Sai a Disamba 1924 ra'ayin ya sami wurin zama, a wani gajeren fim na René Clair mai suna Entr'acte, wanda aka nuna a tsakiyar wani wasan rawa. Al'adar makaɗan silima ita ce bin jarumi sawu da ƙafa, in ya faɗi a doki ganga, in ya yi kuka a ja goge. Satie ya ƙi wannan. Ya yanka kiɗansa gunduwa-gunduwa, kowace gajeriya ce da za a iya maimaitawa har hoton ya sauya. Kiɗan bai gaya maka abin da za ka ji a zuciya ba, tabarma kawai ya shimfiɗa maka ka zauna ka kalla. Satie ya rasu a 1925, ra'ayin ya kwanta kusan shekara hamsin.

Sai ga fim mai magana. A Oktoba 1927 kamfanin Warner Bros. ya fitar da The Jazz Singer, sautinsa a kan faifai yana juyawa tare da zaren, ba da daɗewa ba kuma aka koma buga sautin a gefen zaren kansa. Mai gidan silima ya yi lissafi: a sayi lasifika sau ɗaya, a huta da albashin makaɗa. Cikin shekara uku ramin makaɗa na gindin allo ya zama kango. A Amurka kaɗai mutum wajen 20,000 ne ke cin abinci a wannan rami, mafi yawansu kuma suka rasa aiki daidai lokacin da tattalin arzikin duniya ya karye a 1929. Ƙungiyar makaɗan ƙasar ta kashe kuɗi mai yawa wajen talla a jaridu, tana zana mutum-mutumin ƙarfe ya ture makaɗi ya ƙwace masa kayan kiɗa, tana kiran sabon sautin da kiɗan gwangwani. Ba ta hana komai ba. Japan ta ɗan jinkirta saboda farin jinin benshi, amma kafin ƙarshen shekarun 1930 su ma an sallame su.

Finafinan kansu ba su tsira ba. Kamfanoni suka ga tsohon kaya ne da ba mai saye. Zaren wancan lokaci da sinadarin naitiret aka yi shi, mai kamawa da wuta kamar fetur, wanda in ya tsufa yake narkewa ya koma gari. Wasu suka ƙone a gobarar ma'ajiya, irin ta kamfanin Fox a New Jersey a 1937, wasu aka narka don a cire azurfar jikinsu. Wani bincike da Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka ya fitar a 2013 ya nuna cewa cikin dogayen finafinai kusan 11,000 da ƙasar ta yi tsakanin 1912 da 1929, kashi 70 cikin ɗari sun ɓace ɗungurungum. Waɗanda suka rage aka riƙa nuna su ba bisa ƙa'ida ba. Da yawansu an ɗauke su ne da gudun hoto 16 zuwa 20 a daƙiƙa, aka haska su da gudun 24 na fim mai sauti, mutane suka riƙa tsalle-tsalle kamar fara, aka ɗora musu kiɗan barkwanci. Haka 'ya'ya da jikoki suka tashi suna zaton abin dariya ne kawai kakanninsu suka bari.

A duk tsawon wannan lokaci lantarki na can yana koyon murya. A 1920 wani masanin kimiyya ɗan Rasha, Lev Termen, ya ƙera wani akwati mai sanda da zoben ƙarfe wanda ake kaɗawa ba tare da an taɓa shi ba: hannu ɗaya ya kusanci sandar murya ta hau, ɗayan ya kusanci zoben ta yi ƙasa-ƙasa. Kukansa tsakanin na goge ne da na mace. Shostakovich ya sa shi a kiɗan fim ɗin Odna a 1931, Hollywood kuma ta mayar da shi muryar taɓin hankali da ta baƙin sararin sama. A 1956 wasu mata da miji, Bebe da Louis Barron, suka yi sautin Forbidden Planet gaba ɗaya da wayoyin da suka harhaɗa da hannunsu, su cika musu wuta har su ƙone, su naɗi kukan mutuwarsu a tef. Da yake ba 'yan ƙungiyar makaɗa ba ne, ko sunan kiɗa ba a ba aikin nasu ba a jerin sunayen fim ɗin. A Moscow, Eduard Artemyev ya yi wa Solaris na Tarkovsky sauti a 1972 da wata na'ura mai suna ANS, wadda ake zana mata layi a kan gilashin da aka shafe da baƙi, haske ya ratsa zanen ya zama amo. Duk waɗannan a naɗe suke, an kafe su a jikin fim. Gindin allo har yanzu ba kowa.

Wanda ya ta da ra'ayin Satie daga kwance wani ɗan Ingila ne, Brian Eno. A farkon 1975 mota ta buge shi, yana jinya a gado wata abokiyar sana'arsa ta kawo masa faifan kiɗan garaya irin ta Turawa, aka kunna. Ashe muryar ta yi ƙasa ƙwarai, lasifika ɗaya ma ba ta aiki, shi kuma ba ƙarfin tashi ya gyara. Ana ruwan sama a waje. Sai ya riƙa jin tsirkiyar jefi-jefi cikin ƙarar ruwa, kamar ita ma wani ɓangare ce ta ɗakin, kamar haske ko iska. Bayan shekara uku, a 1978, ya fitar da Music for Airports, wanda tunaninsa ya zo masa yana jiran jirgi a filin saukar jiragen Cologne a Jamus. Dabarar mai sauƙi ce. Ya yanka tef ya ɗaure bakinsa ya zama zobe, kowane zobe da sauti ɗaya ko biyu, kowanne da tsawonsa daban, ya sake su suna zagayawa tare. Da yake tsawon bai zo ɗaya ba, haɗuwar sautukan kullum sauyawa take yi, kamar mata uku na daka kowace da nata bugun. Shi ya raɗa wa wannan salo suna ambiyent. Ni da Hausa kiɗan shimfiɗa nake kiransa: ba amshi, ba ganga mai kiran rawa, sauti ne mai tsawo da ke cika wuri a hankali.

Mutanen Nijar sun san wani abu mai kama da wannan tun kafin sunan ya iso gare su. Mamman Sani, da wani ogan na lantarki ƙirar Italiya, ya naɗi kaset a Yamai a ƙarshen shekarun 1970, kaɗe-kaɗensa masu sanyi kuma suka daɗe suna cike tsakanin shirye-shirye a rediyo da talabijin na ƙasar. Mutane da yawa sun haddace su ba su san mai su ba, sai da kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da kaset ɗin a 2013 duniya ta ji sunansa.

Dawowar makaɗi gindin allo ta fara ne ta tsohuwar ƙofa. Kevin Brownlow, wani masanin tarihin fim ɗan Ingila, ya shafe shekaru yana tsintar guntayen Napoléon, fim ɗin Abel Gance na 1927, daga ma'ajiyoyi daban-daban. A Nuwamba 1980 aka nuna shi a Landan, wajen awa biyar, da cikakken rukunin makaɗa ƙarƙashin Carl Davis. Mutanen da suka zo da zaton ganin tsalle-tsallen fara suka fita jiki a sanyaye. A 1982 aka kafa bikin finafinai marasa sauti a garin Pordenone na Italiya, wanda har yau ake yi duk kaka. An gane cewa in aka haska fim da gudunsa na asali, da makaɗi mai rai, ba abin da ya tsufa a cikinsa. Matsalar ita ce kuɗi. Gidajen da za su iya biyan makaɗa hamsin ko saba'in don dare ɗaya ba su da yawa.

Daga nan Metropolis ya shigo labarin. Fim ne na Fritz Lang, an fara nuna shi a Berlin a Janairu 1927, labarin wani birni na gaba inda masu hali ke zaune a saman benaye, ma'aikata kuma a ƙarƙashin ƙasa suna bauta wa injuna. Gottfried Huppertz ya rubuta masa kiɗa na musamman. Amma watanni kaɗan bayan fitowarsa 'yan kasuwa suka datse wajen rubu'insa, abin da aka yanke kuma ya ɓace. A 1984 Giorgio Moroder, gwanin kiɗan disko wanda ya ci lambar Oscar da sautin Midnight Express, ya tattara abin da ya samu na fim ɗin, ya rina hotunan launi-launi, ya taƙaita shi zuwa minti tamanin da 'yan kai, ya ɗora masa kiɗan sintesaiza da waƙoƙin su Freddie Mercury da Bonnie Tyler da Pat Benatar. Masana suka yi ca a kansa. A ganina suna da gaskiya a abu guda, wato waƙoƙin. Fim marar magana da fuska da hannu yake magana, in ka ɗora masa mawaƙi yana rera kalmomi, baki biyu ke nan suna magana lokaci ɗaya, ba wanda za a ji. Amma sautin na'urar kansa ya zauna wa injunan Lang kamar don su aka yi shi, kuma dubban matasa da ba za su taɓa shiga kallon fim ɗin 1927 ba sun shiga saboda Moroder.

Ƙin jinin waƙoƙin nan ma ya haifi wani abu. A farkon shekarun 1990 wani gidan silima a yankin Boston ya so nuna Metropolis ba tare da su ba, sai ya gayyaci wasu makaɗa uku masu kiran kansu Alloy Orchestra. Ɗaya na kan sintesaiza, biyu na dukan ganguna da tarkacen ƙarfe irin wanda 'yan gwangwan ke tarawa, bututu, takalmin doki, sifirin mota. Mutum uku suka cika ɗaki da amon da a da sai rukuni guda. Suka shafe kusan shekara talatin suna yawo da finafinai iri-iri, suka nuna wa ƙananan gidaje cewa abin mai yiwuwa ne da kuɗi kaɗan.

Yanzu mu koma Norway. Tromsø gari ne da rana ba ta fitowa a cikinsa daga ƙarshen Nuwamba har tsakiyar Janairu, kuma a cikin wannan duhu suke yin bikin finafinansu. A 1996 masu bikin suka nemi wani ɗan garin, Geir Jenssen, wanda aka fi sani da Biosphere, ya yi wa fim ɗin Vertov sabon sauti, suka ba shi bayanan da Vertov ya rubuta wa makaɗan zamaninsa. Ya ɗauki rabi, ya ba Per Martinsen rabi. Wanda ya san kiɗan Jenssen zai ce ba a yi dacen gwani ba. Nasa sauti a hankali yake tafiya, iska ce, ruwa ne, wata murya ce daga nesa kamar rediyon maƙwabci. Fim ɗin Vertov kuwa gudu yake yi, an yanka hoto fiye da sau 1,700 cikin awa ɗaya da 'yan mintoci, aikin matarsa Elizaveta Svilova, daga abin da ƙanensa Mikhail Kaufman ya ɗauko a Moscow da Kyiv da Odesa. Amma fim ɗin da barci ya fara: mace kwance, tituna wayam, injuna a tsaye, gari bai farka ba. Mai fiyano yakan rasa abin yi a nan, sai ya cika wurin da taushin da ba a nema ba. Kiɗan shimfiɗa kuwa nan ne gidansa. Da garin ya farka ya hau gudu, sautin da ke tafiya a hankali ya zama ƙasar da ido ke tsayawa a kai don kada jiri ya ɗebe shi.

Akwai kuma dalili mafi zurfi. Vertov tun yana saurayi, kafin ya taɓa kyamara, sautin duniya yake son tattarawa, ƙarar zarto, ƙarar ruwa, ƙarar jirgin ƙasa, sai dai ba na'urar da za ta yi masa. Da sauti ya zo, a fim ɗinsa Enthusiasm ya kwashi kayan naɗiya masu nauyi zuwa ma'adinan kwal da masana'antun Donbas ya naɗo kukan ƙarfe. Mai haɗa kiɗa da guntayen sautin titi da na inji shi ne magajin wannan buri, ko da ya zo bayan shekara sittin. A 2001 Jenssen ya fitar da nasa rabin a faifai, ɗaya daga cikin sassan kuma ya sa masa suna ne don waɗancan makaɗa masu jira a farkon fim ɗin.

A shekarar 2000 Jeff Mills ya ɗauki Metropolis. Baƙar fata ne ɗan Detroit, birnin masana'antun mota da suka durƙushe, kuma cikin jagororin kiɗan tekno. Ya taƙaita fim ɗin zuwa kimanin awa ɗaya, ya yi masa sauti mai sanyi da maimaici, aka nuna a Paris da wasu biranen Turai. A hannun mutumin da ya tashi a garin da injuna suka ci ƙarfin talakawa sannan suka watsar da su, ma'aikatan ƙarƙashin ƙasa na Lang sun daina zama tatsuniya. Daga baya ya yi wa Three Ages na Buster Keaton da Woman in the Moon na Lang. Ranar 12 ga Satumba 2004 kuma Pet Shop Boys suka kaɗa wa Battleship Potemkin na Eisenstein a dandalin Trafalgar na Landan, na'urorinsu haɗe da masu goge daga Dresden, a gaban mutum wajen 25,000. Faransawa har suna suka ba irin wannan dare, sine-konsa, yanzu kuma da wuya ka sami babban bikin fim ko na kiɗan lantarki a Turai da babu shi.

Dalilan yaɗuwarsa a fili suke. Kayan aikin sun koma abin da jaka ɗaya za ta ɗauka: kwamfutar hannu, ƙaramar sintesaiza, 'yan akwatunan da ke ja wa sauti tsawo ko su ba shi amsa-kuwwa. Finafinan da yawa haƙƙin mallakarsu ya ƙare, Metropolis ma ya fita a Amurka a farkon 2023. An wanke hotunan an mayar da su na dijital, ba sauran fargabar gobara. Makaɗin yakan zauna yana fuskantar allo kamar sauran jama'a. Wasu sukan shirya shimfiɗar tun daga gida, sun san a minti kaza ƙofa za ta buɗe, sai su ƙara ado a kai a cikin ɗaki. Wasu ba sa shirya komai sai kalar sautin, su bar hoto da numfashin 'yan kallo su ja su. Mutum-mutumin da ƙungiyar makaɗa ta zana a 1930 yana ƙwace goge, ga shi yau a kan tebur, ɗan Adam na murɗa masa kunne yana kallon fim.

Sai dai ba duk wanda ya riƙe na'ura ne makaɗin silima ba, kuma masu ƙorafi ba su yi ƙarya ba. Sauƙin kayan ya kawo lalaci. Akwai mai danna sauti ɗaya mai gurnani ya bar shi awa ɗaya da rabi, kansa a sunkuye kan kwamfuta, ko jaruma na dariya ko tana mutuwa duk ɗaya ne a wurinsa. Wannan ya mayar da fim labulen bango don a saurari kiɗansa. Barkwanci ya fi kowa shan wahala a hannun irin waɗannan, domin faɗuwar Keaton ko Chaplin a kan daƙiƙa take, in sauti bai san da ita ba dariyar ta mutu. Inda salon ya fi yin kyau shi ne finafinan mafarki da tsoro da na birane, inda labari bai kai yanayi ƙarfi ba. The Phantom Carriage na Victor Sjöström, fim ɗin Sweden na 1921 mai keken dokin da ke ɗaukar rayukan matattu, ya sami sauti daga Stephen O'Malley da Peter Rehberg, masu kiran kansu KTL, wani ruri mai nauyi da ke sa hoton fatalwa mai ratsa bango ya zama abin tsoro na gaske. Kamfanin Criterion da ya fitar da fim ɗin ya sa nasu tare da na Matti Bye mai fiyano da goge, ya bar mai kallo ya zaɓa. Duk wanda ya kalla da duka biyun zai rantse finafinai biyu ya gani.

Tsohon kiɗan ma bai mutu ba. A 2008 aka gano wani kwafin Metropolis a gidan adana finafinai na Buenos Aires a Ajantina, duk ya kakkarce, amma da kusan minti 25 na abin da aka yanke tun 1927. Abin da ya taimaki masu gyara wajen sanin inda kowane guntu zai shiga shi ne takardun kiɗan Huppertz, domin ya rubuta a gefensu abin da ke faruwa a allo. Ranar 12 ga Fabrairu 2010 aka nuna cikakken fim ɗin a Berlin da wannan kiɗa na asali, ana kuma haska shi a waje a Ƙofar Brandenburg, jama'a na tsaye cikin sanyin hunturu. Masu na'ura suka karɓi sabon kwafin su ma suka ci gaba da nasu, Mills ma ya sake yi masa wani sautin.

Abu na ƙarshe da makaɗin gindin allo ya gano yana iya yi shi ne gardama da fim. The Birth of a Nation na D. W. Griffith, na 1915, fim ne da ya ɗaukaka 'yan Ku Klux Klan ya wulaƙanta baƙar fata, kiɗan da Joseph Carl Breil ya yi masa kuma tafi yake yi wa mahayan. A 2004 Paul Miller, wato DJ Spooky, ya tsaya a gaban allo a New York yana yanka hoton yana sake jera shi nan take, da sautin da ke ƙaryata abin da ido ke gani, ya kira aikin Rebirth of a Nation.

Mu ma muna da irin wannan fim a ajiye. A 1926 wani Bature, Geoffrey Barkas, ya fitar da Palaver, wanda ya ɗauka a tsaunukan da suke Jihar Filato a yau, cikin mutanen Mwaghavul da Ngas, labarin wani Di'o da wani mai haƙar kuza da wata nas, 'yan ƙasa kuwa aka nuna su a matsayin waɗanda sai an riƙe musu hannu. Kwafinsa na nan a ma'ajiyar finafinai ta Ingila, ba sauti a jikinsa. Fuskokin da ke ciki kakannin wasu ne da ke raye a Mangu da Pankshin. Ina son in ga daren da za a kafa farin ƙyalle a Jos a haska shi, wani jikansu na zaune a gindin allo da na'urarsa.